Mai injin sassaƙa ƙarfe a Sabon Gari ya iya aikin alminiyom

Jama'a duk mai neman wanda zai fitar masa da abu daga dunƙulen alminiyom a Zariya, akwai wani dattijo a Sabon Gari wlh hannunsa na da kyau. Aikin firam na kai masa na riƙe kyamara, irin wanda ake ɗaura fitila da makirfo a jiki, sai da ya auna kyamarar ta ko'ina da kalifa, wato ma'aunin kauri da faɗi, kafin ya taɓa injin. Ya ce a nemo alminiyom nau'in 6061 kar a kawo masa na narke irin na masu tukunya, wancan cikinsa duk ramuka ne zaren ƙusa ba ya kamawa, kuma gaskiyarsa ne. Yana yanka yana ɗiga kananzir don kar alminiyom ɗin ya manne a bakin wuƙar, gefen ya fito sumul ba kaifi. Ramin ƙasa mai kwata inci ya hau kan tirayfod ɗina, wato mai ƙafa uku na ɗora kyamara, cif ba girgiza, ga shi ba nauyi.

Matsalar dai wuta ce, in aka ɗauke aiki ya tsaya, ranar da ya ba ni ta wuce. Kuɗinsa ma da ɗan zafi amma ni zan koma.