Hattara da masu tallan gangar giya da aka mayar tukunya

Jama'a, masu dafa giya a gida da duk mai neman babbar tukunya ta ƙarfe mara tsatsa, ku yi hankali da wasu masu talla a intanet. Sukan ɗora hoton ganga mai sheƙi, an yanke samanta, an sa mata famfo, su ce tsohuwa ce da kamfani ya daina amfani da ita, a turo kuɗi kafin su aiko. Wasu da kuɗi ya shiga sai su kashe waya. Masu aikowar kuwa, su na fi jin tsoro.

Gangar nan, ko mai lita 50 irin ta Turai ko mai kusan lita 59 irin ta Amurka, mallakar kamfanin giya ce, aronta ya bayar. Kuɗin ajiyar da ake biya bai kai darajarta ba, saboda haka wanda ya bar kuɗin ajiya ya riƙe ganga bai saye ta ba. Kamfani yakan buga sunansa a jikin ƙarfen, galibi a zoben sama. In ka ga an gurje wurin, mai kaya kuma ya kasa nuna takardar saye, to kayan sata ake son ɗora maka.

Aikin nasu shi ya fi tayar mini da hankali, domin abin sha ne za a tafasa a ciki. Wajen haɗa famfo, irin wannan ƙarfe yana son walda da iskar agon, wato iskar gas mai kare ɗinkin waldar daga ƙonewa, ta waje da ta ciki. In an yi ta garaje, cikin ɗinkin yakan ƙone ya yi kaushi, tsatsa da dauɗa su samu maɓoya, wanki kuma ba ya fitar da su. Shi ya sa ba sa taɓa nuna hoton cikin tukunyar. Faifan da aka yanka baƙin ƙarfe da shi, in an yanka ganga da shi, yana barin ɓurɓushin da zai fito da tsatsa daga baya. Famfon ma wani lokaci na tagulla ne mai gamin dalma, an shafe shi ya yi fari.

Ka duba zoben gindi da kyau. Bakinsa a naɗe yake, ruwa kan maƙale a ciki, kuma in babu 'yan hujojin da tururi zai fita, yana iya fashewa a kan wuta. Mai gaggawar karɓar kuɗi ba ya damuwa da wannan.

In kuma ganga ce rufaffiya ya sayar maka ya ce babu komai a ciki, kada ka yarda. Sau da yawa da sauran iskar gas, kuma bututun ƙarfen da ke tsakiyar gangar na iya harbowa ya ji wa mutum mummunan rauni. Sai an sauke iskar kaf kafin a taɓa shi.

Kafin ka biya, ka nemi takardar saye, hoton zoben sama, da hoton waldar ta ciki. Wanda ya fara kwana-kwana, ka bar masa kayansa, ka kai ƙararsa ga masu shafin da ya yi tallan.