Takardar Arches mai santsi a zanen bishiyar saifires: inda ta ci da inda take ba da wahala

Saifires, wadda masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa wa suna Cupressus sempervirens a 1753, bishiya ce da kowa ke ganewa daga nesa: doguwa, siririya, kore shar rani da damina. Asalinta gabashin Bahar Rum ne zuwa Iran, kuma takan kai mita 35. Amma mai zanen ilimin tsirrai ba daga nesa yake aiki ba. Abin da zai tabbatar wa masani cewa wannan saifires ce yana cikin ganyen da bai wuce milimita 2 zuwa 5 ba, da ƙoƙon iri, wato ƙullin da ke ɗauke da irinta, wanda tsawonsa ke tsakanin milimita 25 da 40. Takardar da ba ta iya riƙe layi siriri kamar gashi ba ta da amfani a wannan aiki, shi ya sa muka auna Arches mai santsi, takardar zanen fentin ruwa, a kan wannan bishiya musamman.

Takardar daga Faransa take, daga masana'antar da ke yankin Vosges tun 1492. Auduga ce zalla, an jiƙa ta da jelatin, wani irin gam da ke rage mata shan ruwa, har ciki, kuma babu sinadarin ƙara haske a jikinta, don haka farinta mai laushi ne, ba ya kashe ido. Iri uku ake yi: mai kaushi, matsakaiciya, da mai santsi wadda aka rubuta grain satiné a murfinta. Ta ƙarshen ce tamu, mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, a dunƙule mai falle 20 da aka manne gefunansa huɗu, santimita 23 da 31.

Ganyen ne gwajin farko. Ganyen saifires ba ya buɗewa, manne yake a jikin reshe kamar ɓawon kifi, biyu-biyu suna fuskantar juna, kowane biyu suna gicciye da na ƙasansu. In aka duba da gilashi mai ƙara girma sau 10, ƙaramin reshen sai ya yi kama da igiyar da aka tufka da kyau. Kuma reshen zagayayye ne, ba shimfiɗaɗɗe ba. Nan ne masu zane da yawa ke zamewa: su shimfiɗa shi kamar mafici, sai zanen ya koma na tuja, wata bishiya mai shimfiɗaɗɗun rassa, ko wata 'yar'uwarta. A takarda matsakaiciya, fensir na faɗawa cikin ramukan fuskarta, layin ya karye, gefen kowane ganye ya ɓace. A mai santsin nan kuwa, fensir mai tauri, 2H, da aka fiƙe sosai yana bin gefen ganye ɗaya bayan ɗaya ba tare da tsinkewa ba, kuma siririn buroshi lamba 0 yana iya ajiye inuwa a ƙarƙashin bakin kowane ganye. Wannan 'yar inuwar ita ce ke ba reshen kauri. Ba ita, sai ya zama koren zare kawai.

Sai dai santsin yana da haraji. Fentin ruwa ba ya nutsewa nan take, yana zama a sama ya bushe da sauri, kuma duk inda gefen ruwan ya tsaya yana barin zobe mai duhu. Wanda ya saba zuba fenti a yalwace zai sha mamaki. Dabarar ita ce shafi na farko ya zama tsarma-tsarma, rawaya-kore mai haske, a bar shi ya bushe ƙarau. Daga nan a riƙa ɗora launi da buroshin da aka tsane a tsumma har ya kusa bushewa, ɗigo-ɗigo da gajerun layuka, shafi huɗu ko biyar. Koren saifires mai duhu ne, ya karkata zuwa shuɗi. A haɗa shuɗin altiramarin da rawaya, a ɗiga ja kaɗan don a karya ƙyallinsa. Kada a nemi duhu da baƙi, yana kashe koren ya bar shi kamar toka. In aka ɗora sabon shafi kafin na ƙasa ya bushe, buroshin zai kwashe na ƙasan, ya bar tabo fari a tsakiyar reshe.

A ƙoƙon iri ne takardar ta fi burge mu. Yana da ɓawo 10 zuwa 14, kowane kamar garkuwa mai kusurwoyi, da ɗan tsini a tsakiya. Kore yake farawa, sai ya koma ruwan ƙasa bayan wata 20 zuwa 24, sannan ɓawon ya rabu iri ya zube. Cikakken zane yana buƙatar ɗanye a rufe da busasshe a buɗe, tare da ƙananan ƙoƙunan namiji masu milimita 3 zuwa 5 a bakin rassa, tunda bishiya ɗaya ce ke ɗauke da jinsin biyu. Ƙoƙon busasshe yana son shafi a kan shafi, har shida ko bakwai, a ramukan da ke tsakanin ɓawo. Audugar tana ɗaukar wannan duka ba ta yi gashi ba, ba ta ɓarke ba. Ana ma iya ɗaga haske a kan tsinin da jiƙaƙƙen buroshi mai tsabta, muddin launin ba mai rina takarda ba ne. Amma gara a bar farin takardar tun farko, domin hasken da aka ɗaga daga baya ba ya kai shi.

Goge zane ne takardar ba ta yafewa. Magogi mai ƙarfi yana cinye jelatin ɗin saman, wurin ya riƙa shan fenti fiye da kewayensa, tabon kuma ba ya fitowa sai bayan an shafa launi. Don haka a yi duk gyare-gyaren zane a wata takarda shara-shara, a kwafe layin ƙarshe kawai. Haka ma maiƙon hannu: inda yatsa ya daɗe, fenti zai ƙi kamawa. A shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin hannu. A ajiye dunƙulen a busasshen wuri, domin danshi na lalata jelatin.

Girman 23 da 31 ya isa reshe mai santimita 15 a ainihin girmansa, ƙoƙuna biyu, ganye da iri da aka ƙara wa girma, da ƙaramin hoton bishiyar a gefe. A hoton nan a nuna wane tsari ne, mai miƙewa kamar mashi da ake shukawa a Tuskani ta Italiya, ko mai baza rassa irin na daji. A ja layin ma'auni kusa da kowane sashe maimakon rubuta "sau 10", saboda in aka rage zanen wajen bugawa, rubutun zai zama ƙarya, layin kuwa zai ragu tare da zanen. Wanda zai haɗa tsarin biyu a shafi ɗaya ya ɗauki dunƙule mai santimita 31 da 41.

Giram 300 a dunƙule ba ya buƙatar a miƙar da shi a allo. In ya ɗan kumbura, yana kwantawa da kansa idan ya bushe. Kada a cire fallen sai ya bushe gaba ɗaya. Akwai ɗan gurbi a gefe inda ba a sa gam ba, nan ake zura wuƙa marar kaifi a zagaya da ita a hankali.