Yaya, ga bayanin kasuwar hatsin Shikago da ka tambaya

Salamu alaikum Yaya Alhaji, da fatan kowa lafiya a Garwa, ya su Hajiya da yara, ya zafi. Mu nan Shikago sanyi ne kawai ke gasa mu. Maganar da ka turo ta ko zamu iya bude ofishin cinikin hatsin gaba irin na nan, bari in baka yadda abin yake.

Da farko dai ita kasuwar ba buhu ake gani a cikinta ba. Alkawari ake saye da sayarwa, yau a yanke farashin masarar da za'a kawo a watan Disamba misali. Kasuwar Shikago tun 1848 aka kafa ta, yanzu tana karkashin kamfanin CME tun 2007, kuma kusan komai ya koma kwamfuta. Kwantiragi daya na masara ton 127 ne, wato buhu mai kilo dari kusan 1,270, kaga ba harkar mai shago daya a babbar kasuwa bace. Audugar da Sodecoton ke saye a wajenmu da wadda Cotontchad ke tarawa a Mundu, ita kuma a New York ake yanka mata farashin duniya ta wannan hanyar, shi yasa wani lokaci manomi a Pitowa zaiji farashi ya motsa bai san daga ina iskar ta kado ba.

To batun lasisi. Manomin da zai sayar da amfaninsa tun kafin girbi don ya kare kansa daga faduwar farashi, ba'a neman lasisi a wajensa, asusu kawai zai bude wajen dillali. Wanda ake matsewa shine mai taba kudin jama'a ko mai jawo kwastoma. Hukumar gwamnati mai kula da harkar sunanta CFTC, an kafa ta 1974, sannan akwai NFA, kungiyar yan harkar ce da kansu wadda ta fara aiki 1982, itace ke yin rajista. Duk wanda zai zauna yana karbar oda daga mutane sai yaci jarabawar da suke kira Series 3, tambaya 120, kuma sai ka samu 70 cikin dari. Sai a dauki zanen yatsunka a tura FBI, in an taba kama ka da zamba ko cin kudin mutane to ka hakura kawai. Ba ruwansu da wane ne babanka ko wane liman ya sanka.

Jari kuma nan ne gizo ke saka. Babban dillali wanda zai rike kudin kwastoma a hannunsa sai ya ajiye akalla dala miliyan 1 nasa na kansa, sama da sefa miliyan 500 kenan, kuma kudin mutane asusunsu daban nashi daban, haramun ne ya cakuda. Karamin dillali mai kawo kwastoma kawai baya rike ko sisi, shi dala 45,000 ake nema, wajen sefa miliyan 25, ko kuma wani babban dillali ya tsaya masa ya dauki nauyin duk barnar da zai yi. Duk da haka ana ci, a 2011 kamfanin MF Global ya rushe aka nemi sama da dala biliyan 1 na kwastomomi aka rasa a asusu, manoma da yawa suna ciki, sai daga baya aka biya su ta kotu. Abinda ya burge ni dai, ko kai daga Garwa zaka iya shiga shafin NFA ka rubuta sunan dillali kyauta kaga yana da rajista ko bashi da ita, an taba cin tararsa ko ba'a taba ba.

Mu kuwa lasisin dillali fuskarsa ce da sunan gidansu. Ba raina wannan nake ba wlh, wajenmu da waya daya zaka sa a loda maka gyada tirela guda ba takarda, nan ko uwa daya uba daya kuke sai an sa hannu. Amma in dillalinmu ya gudu da kudi sai dai a bi dangi da jandarma. Kuma bada kaka da ake wa manoman Mayo Rai, a basu kudi da damina a karbi buhu a rabin farashi, ai shima cinikin gaba ne, sai dai ba mai sa ido. Hukumar COSUMAF mai sa ido a kasuwar kudi ta yankinmu tana Librabil, kasuwar BVMAC da take kulawa tana Duwala, amma hannun jari da takardun bashi suke juyawa, ba masara ba.

Kayan kansu kuma, masarar nan galibi ja ce ta dabbobi da man mota, tuwonta bai kama kafar farar tamu ba. Gero da dawa sai shagon yan Afirka, dan leda kadan kudin kwano biyar na gida, muskuwari, dawar rani tamu, kam ko labarinta basu sani ba. Inda suka fi mu shine awo, mota ta hau sikeli, a auna danshin hatsi da na'ura, in ya wuce wajen 15 cikin dari a rage maka kudi, ba gardama ba rantsuwa ba cika kwano da hannu.

Sannan kafin ka sa kudinka ka tuntubi Malam, don malamai da yawa sun hana irin wannan ciniki tunda ba'a biya duka ba kuma ba'a karbi kaya ba, ya saba da salam da muka karanta inda ake biya cif tun farko. Ni shawarata mu bar maganar ofishi, kudin da ke hannunmu ya isa sito mai kyau da sikeli da na'urar auna danshi a hanyar Ngong, zan turo maka farashin na'urar in na zagaya shago ranar Asabar. A gaida Inna, a ce mata maganin gwiwar yana hanya.