Waƙa ko Hirar Fim: Wanne Ya Fi Koyar da Salon Maganar Turawa?

Malama, kin tambaya tsakanin waƙoƙin Turanci da guntayen finafinai, wanne zai fi taimaka wa ɗalibanki na SS3 su kama salon magana (wato idioms, maganganun da ma'anarsu ta sha bamban da ta kalmominsu) da sakaya zance kafin jarrabawar WAEC. A ganina abu biyu kika ɗaure a ƙulli ɗaya, kuma kowanne da inda ya fi shiga.

Ƙarfin waƙa yana cikin amshi. Magana irin "head over heels", wato mutum ya faɗa soyayya dumu-dumu, ko "break my heart", in ta dawo sau huɗu cikin minti uku, yaro zai fita aji yana rera ta ba tare da ya san ya haddace ba. Salon magana kuwa abin da yake so ke nan, don ba a canza masa kalma ko ɗaya. Wanda ya ce "heels over head" ya faɗi, kuma karin waƙar ne zai hana shi juya ta. Fim ba ya yin wannan. Sau ɗaya za a faɗa, a wuce.

Amma fa ki tace. Waƙoƙin country na Amurka sun fi dacewa da aji, saboda a hankali ake rera su kuma labari suke bayarwa. Rap gudu gare shi, sannan rabin kalmominsa na 'yan unguwa ne, shekara biyu sun tsufa. Ga kuma "ain't" da "I don't need nobody", waɗanda mai duba takarda zai zana wa jan biro. Wasu baitocin ma batsa ce da ƙwaya aka lulluɓe, sai ki karanta su tsaf a gida kafin ki kunna a gaban yara.

Wajen sakaya zance kam, fim ya yi wa waƙa fintinkau. Dalili shi ne, sakayawa ba ta tsaya kan ma'ana ba, sai an ga wa ke magana, da wa yake yi, kuma a wane wuri. "Passed away" da "kicked the bucket" duk mutuwa suke nufi, amma tsakaninsu akwai nisan da ke tsakanin "ya riga mu gidan gaskiya" da "ya sheƙa barzahu". Ɗalibin da ya tsinci ta biyun a waƙa zai iya kai ta gidan makoki. A fim kuwa zai ga likita ya sunkuyar da kai yana faɗin ta farkon, ko manaja ya ja ƙofa ya ce wa ma'aikaci "we have to let you go", alhali korarsa yake yi. Fuskar ma'aikacin kaɗai ta gama fassara.

Yaranmu ba baƙin wannan abu ba ne. Wanda ya tashi yana jin "tana da juna biyu" da "zan kewaya" ba zai sha wahalar gane "she's expecting" ko "restroom" ba, in kika jera masa su gefe da gefe a kan allo.

Tun da a tambayoyin zaɓi na WAEC salon magana ya fi fitowa, ki ba waƙa kaso mafi tsoka. Ki buga baitocin a takarda, ki goge wuraren da maganar take, su cike suna saurare, sannan kowa ya gina jimlarsa da ita. Fim ɗin kuma guntu na minti biyu ya isa, ranar Juma'a.