Novgorod, Suzdal ko Kazan: wane tsohon birnin Rasha ya cancanci kuɗin tikitinka?

Ɗalibi ko ɗan kasuwa da ke zaune a Mosko ko Fitasbag, idan ya samu hutun kwana biyu ko uku da kuɗin tafiya ɗaya tak, sunaye uku za a fi ambata masa: Veliki Novgorod, Vladimir da maƙwabciyarta Suzdal, sai Kazan. Dukansu suna cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO, kuma a hoto kowanne ya yi kyau. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne wane gini ne tsoho na gaske, wanne kuma aka gina jiya da siffar tsufa, da kuma awa nawa hanya za ta ci daga hutunka. Da waɗannan biyu ya kamata ka auna kafin ka biya.

Veliki Novgorod

Tun wajen sayen tikiti ake fara yin kuskure. Novgorod biyu ne. Nizhni Novgorod na bakin kogin Volga, gabas da Mosko. Wanda muke magana a kai, Veliki Novgorod, yana arewa maso yamma, a bakin kogin Volkhov, kusan kilomita 190 daga Fitasbag. Idan ka rubuta Novgorod kawai a shafin kamfanin jirgin ƙasa na RZD, duka biyun za su fito, don haka karanta kalmar farko da kyau. Daga Fitasbag, wanda a tikiti za ka ga an rubuta Sankt-Peterburg, jirgin Lastochka na yin wajen awa uku. Daga Mosko jirgin dare ne, kamar awa takwas.

Idan tsufa na gaske kake nema, nan ne. Littattafan tarihin Rasha sun fara ambaton garin a shekarar 859. Majami'ar Sofiya da ke cikin ganuwa an gina ta tsakanin 1045 da 1050, kuma har yau ana ibada a ciki. Kada ka shige ta ƙofar da kowa ke bi ka fita abinka. Zaga ta yamma, ka tsaya gaban ƙofar tagulla da aka ƙera a Magdeburg ta Jamus wajen 1152 zuwa 1154. Marikanta kawunan zakuna ne, da kawunan mutane cikin bakinsu. A ƙasa-ƙasa maƙeran sun saka siffar kansu, suna riƙe da awartaki da ma'auni, sunayensu a gefe. Mutum zai yi minti ashirin a gaban ƙofar nan bai gama gani ba.

Ganuwar jan bulo da ta kewaye wurin ta fi majami'ar ƙuruciya. An gina ta daga 1484 zuwa 1490, bayan Ivan na Uku, sarkin Mosko, ya haɗiye garin a 1478. Kafin nan Novgorod ta shafe sama da shekara ɗari uku tana mulkin kanta. Tun 1136, da suka kori sarkinsu Vsevolod, taron mutanen gari da ake kira veche shi ke naɗa shugabanni, ya kira sarki ya yi yarjejeniya da shi, ya sallame shi in ya saɓa. Ƙararrawar kiran taron ce Ivan ya sa aka sauke aka kai Mosko, domin kowa ya gane zance ya ƙare. A tsakiyar fili akwai babban gunkin tagulla na cikar Rasha shekara dubu, na 1862, mai ɗauke da siffofin mutane fiye da ɗari. Nemi Ivan na Huɗu a cikinsu, ba za ka same shi ba, saboda kisan gillar da ya yi wa mutanen garin a 1570.

Abin da ya fi komai daraja a garin kuwa ba gini ba ne. Ƙasar Novgorod jiƙaƙƙiya ce, iska ba ta ratsa ta, shi ya sa itace da fata ba sa ruɓewa a cikinta. Masu tono sun tarar da daɓen titi na gungume har hawa 28, ɗaya bisa ɗaya. Ranar 26 ga Yuli 1951 aka tsinci wasiƙa ta farko da aka karce a ɓawon itacen beriyoza, kuma yanzu an samu fiye da dubu. Wasiƙun talakawa ne: biyo bashi, saƙon miji ga mata, neman aure. Akwai na wani yaro Onfim, ɗan shekara shida ko bakwai, wajen 1260. Ya fara jera haruffa kamar yadda almajiri ke yi a allo, sai ya gaji, ya zana kansa a kan doki yana soke abokin gaba da mashi, ya rubuta sunansa a gefe. Wasu wasiƙun suna Mosko, amma gidan tarihin da ke cikin ganuwa na da nasa, tare da dirhamomin azurfa masu rubutun Larabci da fatake suka kawo daga ƙasashen Musulmi a ƙarni na 10. Shiga filin ganuwa kyauta ne. Wannan gidan tarihin ne ake biya, kuma shi ne tikitin da bai kamata ka yi ƙyashinsa ba.

Haye gadar ƙafa ka isa tsohuwar kasuwa, inda majami'ar Nikola ta 1113 take, inda kuma 'yan kasuwar Jamus na ƙungiyar Hansa suke da masauki. Gaba kaɗan, a titin Ilyina, akwai majami'ar 1374 mai zanen bango na Feofan Bagirke, na 1378. Matsalar ita ce irin waɗannan ƙananan majami'u ana iya rufe su ranar ruwa ko tsananin laima, domin danshi na lalata zanen. Wajen gari kuma, motar haya za ta kai ka gidan rahibai na Yuriev, mai majami'ar 1119, da Vitoslavlitsi kusa da shi, inda aka tattaro tsofaffin gidajen katako daga ƙauyuka.

A san kuma cewa yaƙin duniya na biyu ya yi wa garin kaca-kaca. Majami'ar Nereditsa ta 1198, alal misali, sake tayar da ita aka yi, kuma yawancin zanenta ya tafi. Masallaci da naman halal sai an nema, ba a kan hanyar maziyarta suke ba. Kwana ɗaya cikakke ya isa ganuwa da kasuwa, na biyu na wajen gari.

Vladimir da Suzdal

Wannan ne zaɓin mai zama a Mosko da ba shi da lokaci. Lastochka na kai ka Vladimir cikin ƙasa da awa biyu ko kewayen haka. Duba sunan tashar da jirgin zai tashi a tikitinka, domin Mosko na da tashoshi da yawa kuma nesa suke da juna. Suzdal ba ta da tashar jirgin ƙasa. Daga Vladimir za ka shiga bas ko tasi, kilomita 35, kuma tashar bas na fuskantar tashar jirgin.

Gine-ginen nan na farin dutse ne, ba jan bulo ba. A Vladimir abubuwa uku ne, duk a tafiyar ƙafa: Ƙofar Zinariya ta 1164, majami'ar Uspenski da aka fara a 1158, mai zanen Andrei Rublev na 1408, da ƙaramar majami'ar Dmitri ta wajen 1197, wadda aka sassaƙe bangonta na waje da zakuna da tsuntsaye da Annabi Dauda a zaune. Awa huɗu sun isa. Mongolawa, ƙarƙashin sarkinsu Batu, sun ƙone garin a 1238, kuma abin da ya tsira ke nan a tsakiyar birni na zamani mai cunkoson motoci.

Mutane da yawa suna tsallake Bogolyubovo, kuma asara ce. Kilomita goma da ɗoriya daga Vladimir, akwai majami'ar Pokrov ta bakin kogin Nerl, ta wajen 1165, ita kaɗai a tsakiyar fadama. Mota ba ta isa wurin. Za ka taka fiye da kilomita ɗaya, kuma a watan Afrilu, in ƙanƙara ta narke, ruwa kan shafe hanyar.

Suzdal, da aka fara ambata a 1024, ƙaramin gari ne na mutum kamar dubu goma, babu dogayen benaye, babu manyan masana'antu. Duk garin kamar gidan tarihi yake. Sai dai kowane wuri da tikitinsa: ganuwa da majami'arta ta 1225, gidan rahibai na Spaso-Evfimiev na 1352 inda ake kaɗa ƙararrawa da hannu sau da yawa a rana, da gidan tarihin gine-ginen katako. Kuɗin na taruwa, kuma masauki na tsada ranakun Asabar da Lahadi saboda mutanen Mosko na kwararowa. Mai neman sauƙi ya kwana a Vladimir, ya je Suzdal da safe ya dawo. Sannan a kula: abin shan zuma da ake tallarsa a kowane lungu, medovukha, yawancinsa giya ce, ko da mai sayarwa ya ce maka zuma ce kawai.

Kazan

Musulmi da yawa nan zuciyarsu ke karkata, kuma da dalili. Babban birnin Tatarstan ne, kilomita kusan 800 gabas da Mosko, jirgin dare awa 11 zuwa 13 daga tashar Kazanski, ko awa ɗaya da rabi a jirgin sama. Masallatai da wuraren cin abincin halal ba wahalar samu. Amma a fahimci abin da ake saya. Masallacin Kul Sharif mai shuɗiyar ƙubba da ke cikin ganuwar garin, wanda ke kan kowane hoton talla, an fara gina shi a 1996, aka buɗe a 2005. Sunan limamin da aka kashe tare da almajiransa ranar da Ivan na Huɗu ya ci garin a 1552 aka sa masa. Na asalin an rushe shi tun lokacin. Hasumiyar Suyumbike mai tsawon mita 58, wadda ta karkace kusan mita biyu, masu jagora za su ce maka Suyumbike, sarauniyar Tatarawan Kazan, ta faɗo daga kanta don kada ta auri Ivan. Tatsuniya ce. Sarauniyar an kai ta Mosko a 1551, kuma masana da yawa suna ganin an yi ginin ne a ƙarshen ƙarni na 17 ko farkon na 18.

Tsohon masallaci na gaske yana wajen ganuwa, a tsohuwar unguwar Tatarawa: masallacin Marjani, da aka gama a 1770 da iznin Sarauniya Katarina ta Biyu, bayan sama da shekara ɗari biyu ba a yarda an gina masallacin dutse a garin ba. Wanda ke son tushen Musuluncin yankin sai ya ƙara kwana ɗaya ya je Bolgar, kusan awa uku a mota. A 922 ne tawagar Halifa Muƙtadir ta iso ƙasar Bulgar ta bakin Volga daga Bagadaza, da Ahmad ibn Fadlan a cikinta. Ƙaramar hasumiya da kangayen da suka rage na ƙarni na 13 da na 14 ne, Farin Masallacin da za ka gani a can kuwa na 2012 ne. Jirgin ruwa zuwa can sai lokacin zafi, kogin na daskarewa da sanyi.

Abu biyu na iya ba Bahaushe mamaki. Tatarawa Hanafawa ne, kuma busasshen naman doki, kazilik, abincin gargajiyarsu ne, ana sayar da shi har a shagon halal. Mai bin mazhabar Malikiyya ya tambaya kafin ya ci. Na biyu, a watan Yuni shafaƙi ba ya gama ɓacewa kafin alfijir ya keto, don haka manhajar waya kan ba da lokutan Isha da Asuba masu ruɗani. Ɗauki jadawalin masallacin garin ka bi.

A ganinmu, mai kwana biyu da yake son taɓa abin da ya shekara ɗari tara ya tafi Novgorod. Mai kwana ɗaya daga Mosko ya tsaya a Vladimir da Nerl, kada ya cusa Suzdal a ciki, zai ƙare a bas ne. Kazan kuwa ba ta biyan kuɗinta da ƙasa da kwana uku, kuma ta fi dacewa da mai tafiya da iyali.

Wajen biyan kuɗi

A jirgin dare, tarago mafi araha shi ne platskart, gado 54 babu ƙofa. Kupe ɗaki ne mai gado huɗu da ƙofa, kuma a wasu jiragen mace na iya zaɓar ɗakin mata zalla. Lambobin mara, irin su 1, 3, 5, gadajen ƙasa ne, kuma ƙarƙashinsu akwai akwatin ajiye kaya da ba ya buɗuwa sai an ɗaga gadon da kake kwance a kai. A platskart guji 35 zuwa 38, bakin banɗaki suke, ƙofa na bugawa har gari ya waye. Farashi na hawa yayin da gadaje ke ƙarewa, musamman hutun farkon Janairu da na farkon Mayu.

Rubuta sunanka da lambar fasfo daidai yadda suke, domin mai kula da tarago da fasfo yake tantancewa a bakin ƙofa. Riƙe katin shigowa ƙasa tare da fasfon, otal zai nema don yi maka rajista, kuma ba kowane ƙaramin masauki ke karɓar baƙon waje ba, sai ka tambaya kafin ka biya. Katunan Visa da Mastercard na bankunan waje sun daina aiki a Rasha tun Maris 2022, saboda haka sai katin Mir na bankunan Rasha ko tsabar rubul. Ɗalibi ya ɗauki katin makarantarsa, gidajen tarihi da yawa na yin ragi.

Kowane gidan tarihi na da ranar hutunsa a mako, galibi Litinin ko Talata, wasu da ƙarin rana ɗaya a wata ta share-share, kuma ranakun ba sa zuwa ɗaya ko a gari guda. A Disamba hasken rana a Novgorod bai fi awa shida da ɗoriya ba, ƙarfe huɗu duhu ya fara, alhali a Yuni ya kai awa 18. A cikin majami'ar da ake ibada, mace ta rufe kai, namiji kuma ana sa ran ya cire hula. Wanda ba ya son cire tasa ba zai yi babbar asara ba a majami'ar Dmitri ko ta Nerl, domin aikin da ake zuwa gani a bangon waje yake.