Gargaɗi ga mutanen Gombe kan mai tallar mazubin abincin tsuntsaye

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin jama'ar Gombe, musamman iyayenmu mata da ke watsa wa kurciyoyi da gwarare tsaba a tsakar gida don neman lada, game da wani mutum da ke tallar mazubin abincin tsuntsaye a WhatsApp da Facebook. Hotunan da yake ɗorawa na kayan ƙasar waje ne, yana cewa ya karya farashi kuma akwai gyaran ƙullin abinci, amma sai an tura kuɗi yake aiko da kayan ta hannun mai Keke Napep, daga nan kuma lambarsa ba ta ƙara shiga.

Na duba guda ɗaya da idona a gidan yayata da ke Tudun Wada. Tsohuwar robar maganin feshi ce aka yanke mata gefe aka shafe ta da koren fenti, kuma da na kankare da farce sai ga rubutun maganin a ƙasa, warinsa ma bai gama fita ba. An ɗaure bakin da waya mai tsini wadda za ta iya maƙale ƙafar ƙaramin tsuntsu, an liƙe murfin da gam ta yadda ba a iya buɗewa a wanke, sannan babu ko huji ɗaya da ruwan sama zai tsiyaye.

Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar abincin da yake haɗawa da shi ba. Ɓarzajjiyar gyaɗa ce da masara, sun dunƙule suna warin fumfuna. Irin wannan fumfunar ce ke haifar da gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma ita ce ta kashe talotalo kimanin 100,000 a Ingila a shekarar 1960, bayan an ciyar da su da ƙuliƙulin gyaɗar da aka shigo da shi daga Birazil. Abin da ya kayar da talotalo ba zai bar gwara ba.

Sai kuma cutar maƙogwaro da masu kiwon tattabara suka sani sarai, wadda tsuntsu ke kasa haɗiya, gashin gefen bakinsa ya jiƙe, ya takure wuri guda yana tofar da ƙwayar da ya ɗauka. Wanda ya zo bayansa ya tsinci wannan ƙwayar ya kamu. A Birtaniya cutar ta ɓulla cikin ƙananan tsuntsayen lambu a 2005, ta bi wuraren da ake zuba musu abinci da ruwa, har a 2021 aka saka wani koren tsuntsu da a da ya cika gidajensu cikin jerin waɗanda ake fargabar raguwarsu. Mazubin da ba ya wankuwa matattarar wannan cuta ce. Ga shi a gidajenmu kaji na kiwo a ƙarƙashinsa suna tsintar abin da ya zube, yara kuma na wasa a wurin, alhali kashin tsuntsu na iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi.

Duk wanda ya riga ya saya, don Allah ya sauke shi yau, ya binne abincin, kada ya ba kaji, kada kuma ya bar robar inda yara za su ɗebi ruwa da ita. A adana shaidar tura kuɗin da hoton hirar, a kai ƙorafi banki da ofishin 'yan sanda mafi kusa, a kuma sanar da zauren da aka ga tallar.

Mai son ci gaba da ciyar da tsuntsaye ya auno busasshen gero mai tsabta, ya watsa daidai abin da za su cinye a wuni, yana sauya wuri yana sharewa. Kaskon ruwa a wanke shi kullum a shanya a rana kafin a sake cikawa. In aka ga tsuntsu maras lafiya ko matacce a wurin, a dakatar da zuba abinci da ruwan na 'yan makonni, a ɗauke gawar da leda a hannu, sannan a wanke hannu da sabulu.