Luffy biyu a kan teburina: na gaske da na jabu

A shagona na zane da buga katin biki akwai wani ɗan kanta da na daɗe ina son in ɗora wa mutum-mutumin Luffy, mai malfar nan na One Piece, shirin katun ɗin Japan. Bara sai na ci karo da wani mai talla a intanet yana rantsuwa cewa kayansa orijinal ne daga Japan, sai dai ya cire kwalayen don kuɗin dako ya yi sauƙi. Naira 18,000 ya ce. Na tura masa, bayan kwana biyar ɗan acaɓa ya miƙo mini baƙar leda.

Wari ne ya fara yi mini sallama, irin na sabon silifas da aka bari a rana. Na ce ƙila haka sabon abu yake. Na kafa shi a kan mazauninsa, ƙusar ƙafar ta ƙi shiga ramin sai da na kankare ta da reza, kuma da ya tsaya sai ya karkace kamar mai neman kuɗin da ya faɗi. Fentin yana ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa. Duk da haka na yi wata uku ina nuna wa abokai da alfahari, har ranar da ɗan baffana da ke karatu a Tokyo ya kira ni ta bidiyo.

"Yaya, ɗan juya shi in ga ƙasan mazaunin."

Na juya. Fayau, babu rubutu ko ɗaya.

"Wallahi Yaya an yi maka sakiyar da ba ruwa. Ka bari, in zan zo hutu zan kawo maka na gaske."

Ya cika alkawari. A Mandarake ya saya, kantin gwanjon kayan anime, wato katun ɗin Japan, da ke cikin ginin Nakano Broadway a Tokyo, a kan yen 1,800 na kuɗin Japan, kwalin ko buɗe shi ba a taɓa yi ba. Da na lissafa sai na ga kuɗin bai wuce abin da na zubar a kan jabun ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Dalilin arahar kuwa shi ne irin wannan na kamfanin Banpresto ne, waɗanda ake zubawa cikin injin wasan nan mai ƙugiya a gidajen wasanni na Japan. Mutum ya jefa yen 100, ya yi ta ƙoƙarin cafko kwali, in ya dace kuma ba ya so sai ya kai wa 'yan gwanjo. Shi ya sa suke cike da kantunan unguwannin Nakano da Akihabara na Tokyo a farashi mai sauƙi.

Wata biyu ke nan na gasken yana wurina, kusa da na jabun, don haka na ƙare musu kallo sosai.

Kwalin shi ne rabin shaida, kuma yanzu na gane abin da ya sa mai tallan ya ce ya jefar da shi. Na gasken yana ɗauke da tambarin Banpresto da shuɗin tambarin Bandai, domin tun 2019 Banpresto ya koma ƙarƙashin Bandai Spirits. Akwai kuma wata 'yar sitika mai hoton kyanwa da hula, ta kamfanin Toei Animation mai shirya katun ɗin One Piece, wadda ake manna wa kayan da aka yi da izininsu. Tawa ruwan zinariya ce, irin ta kayan da aka yi wa kasuwar cikin Japan. Na waje kan zo da wani launi. A matsayina na mai aikin bugu, abin da ya fi ɗaukar idona shi ne tsabtar rubutun: ƙananan haruffan Japananci a gefen kwali kowanne ya fito raɗau. Masu jabu hoton kwalin gaske suke ɗauka su sake bugawa, sai launi ya dushe, rubutu ya yi hazo. Amma kada a dogara da sitika kaɗai, ita ma ana kwaikwayonta.

Wani kuskure da na daɗe ina yi shi ne ɗaukar cewa duk abin da aka rubuta wa "Made in China" jabu ne. Na gasken nan a Chaina aka ƙera shi, an ma tona hakan a ƙasan mazauninsa, kusa da sunayen masu haƙƙin mallaka. Yawancin kamfanonin Japan a can suke sarrafa kayansu. Na jabun ne ma ya ji kunyar faɗin inda ya fito.

Sai fuska, inda asirinsu ke tonuwa. Luffy yana da tabo mai ɗinki biyu a ƙasan idon hagu. A na gasken layin siriri ne, a daidai wurinsa. A na jabun kamar an ɗiga masa biro, ido ɗaya kuma ya ɗan fi ɗaya hawa sama, shi ya sa kullum yake kama da wanda aka tasa daga barci. Jan ƙyallen malfar ya malalo kan ruwan ɗorawar, layin da aka haɗa ɓari biyu na roba ya fito ƙuru-ƙuru daga kafaɗa har gwiwar hannu. Na gasken ma in ka matsa za ka ga layin, amma an goge shi, fatar kuma ba ta ƙyalli. Ba kayan alfarma ba ne, na san akwai manya masu kai yen 20,000 zuwa sama, amma a kuɗinsa ban ga abin kushewa ba.

Danƙo a jiki kuwa ba hujja ba ce. Ɗan baffana ya ce ko na gaske in ya shekara da shekaru a rufe cikin kwali, sinadarin da ke tausasa robar yakan tsattsafo, sai a wanke da ruwa da ɗan sabulu. Zafinmu na bazara ma yana lanƙwasa irin wannan roba, rana kuma tana cinye launi, don haka na janye shi daga bakin taga. Ƙurar hunturu da burushin kwalliya nake share ta.

Yanzu kafin in tura wa kowa sisi, sai na nemi hoton kayan a hannunsa, gaba da baya da ƙasan mazauni, ba hoton kamfani ba. Sannan in shiga shafin intanet na MyFigureCollection, inda masu tara irin waɗannan kaya ke saka hotunan jabu kusa da na asali. In mai talla ya ce "babu kwali", ko ya sa wa babban mutum-mutumi kuɗin buhun garin kwaki, sallama muke yi. Gaba ina hararen Nendoroid na kamfanin Good Smile, ƙananan mutum-mutumin nan masu ƙaton kai da tsawon kusan santimita 10. Kowanne yana da lambarsa a kwali, wadda za a iya dubawa a shafin kamfanin.

Gida dai mutum-mutumin ba zai shiga ba, Hajiya ta riga ta yanke hukunci cewa ba za a ajiye mata gunki a ɗaki ba, ban kuma ja da ita ba. Na jabun na so in ba ɗan yayata, sai na tuna warin da kuma yadda yake kai komai baki. Yanzu shi nake danne rasit da shi in an kunna fanka.